Ciki bayan dashen ƙoda: abin da aka tattauna

A zaman da matan unguwarmu suka yi a Makka kan ɗaukar ciki bayan dashen ƙoda, shawara ta farko ita ce haƙuri: a bari aƙalla shekara 1 ta cika, ƙodar ta zauna daram, hawan jini ya lafa. Magani kuwa ba a taɓa shi sai da likita. Mycophenolate, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, yana lahanta ɗan tayi, don haka ana sauya shi da wani mai irin aikinsa, azathioprine, aƙalla mako 6 kafin a nemi ciki.

An fi daɗewa kan hawan jinin masu juna biyu, wanda ke kai wa ga jijjiga. Yakan ɓullo bayan mako na 20, kuma ya fi kama masu dashe. Idan awon hawan jini ya kai 140/90, ko fuska ta kumbura, ko kai ya yi ta sara, ko gani ya dushe, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Don rigakafinsa, likita kan ba da aspirin kaɗan daga mako na 12.

Wata dattijuwa ta ce, "'Yata, ki shirya wa bakwaini." Gaskiyarta, haihuwa kafin lokaci ta yi yawa a cikin masu dashe. Azumi kuma, da wannan zafin na Makka, sai an tambayi likitan ƙoda.