Bayan umara, Alkahira ko Istanbul? Waɗanda suka je ku taimaka

Uwar Biyu: Salam jama'a. InshaAllah bayan umara ni da maigida muna so mu tsaya kwana huɗu a wani gari, shi Alkahira yake so saboda Azhar, ni kuma tsoron hayaniya nake. Dan Allah ku faɗa mana abin da kuka tarar da idonku, ba na hoto ba.

Baban Yara: Wslm Hajiya. Kafin ma a kai ga Alkahira, ziyarar Madina kar ku biye wa motar ayari kawai. Mu an kai mu Uhudu, ko Dutsen Maharba ban gama hawa ba direba ya fara hon, ko addu'a a gaban maƙabartar shahidai inda Sayyidina Hamza yake ban yi a natse ba. Washegari bayan asuba na taka da ƙafa daga masallacin Annabi zuwa Ƙuba, wajen kilomita 3 ne, hanyar masu tafiya a ƙasa ce, wallahi wannan tafiyar ita na fi tunawa a duk umarar. Shiga Rauda kuma sai an yi rajista a manhajar Nusuk, ku yi da wuri.

Matafiyi: Hajiya tsoronki yana kan hanya hhh. Ni daga Madina kai tsaye na sauka Alkahira, kamar an tashe ni daga barci ne da ƙarar hon. Ranar farko na tsaya bakin titi ina jiran motoci su ba ni hanya, da sai dai in kwana a wurin, sai da na ga wata tsohuwa ta kutsa na bi bayanta kamar jikanta. Amma fa garin akwai abin kallo, Azhar tun 970 Fatimiyawa suka fara gina shi, ka tsallaka titi ga masallacin Husaini, a jikinsa ga kasuwar Khan Khalili, duk a yini ɗaya za ku gama. Kabarin Imam Shafi'i ma yana garin. Ku riƙe ƙananan kuɗi saboda bakshish, mai ajiye takalmi zai miƙo hannu, wanda ya nuna maka ƙofar da kai ma kana gani zai miƙo hannu. A Giza kuma, wurin dalar Fir'auna, mai raƙumi muka yi ciniki da shi, da muka dawo ya ce wai ai kuɗin hawa muka yi, na sauka daban, ina can sama raƙumi ya ƙi durƙusawa, dole na biya.

Anti Hajiya: Tab, Allah ya kyauta. Ƙanwata in kin je ki shiga jirgin ƙasan metro, akwai taragon mata zalla a tsakiya, can na samu sarari. Amma ni Istanbul zan ce miki. Masallacin Ayyub Sultan ya tsaya min a rai, nan ne kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da Annabi SAW ya sauka a gidansa da ya yi hijira, ki duba fa, kin baro Madina kin zo kin same shi a bakin ruwa a wata ƙasa. Na ga yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu da sanda kamar 'ya'yan sarki, na ɗauka biki ake, ashe kaciya za a yi musu shi ne ake kawo su ziyara tukunna. Aya Sofiya ta koma masallaci tun 2020, layi dai akwai shi. Kyanwowi kuwa har cikin harabar masallaci, ba mai korarsu. Shayi a ɗan kofin gilashi, in mai shago ya ba ki ki karɓa ki sha, ba dole sai kin sayi kaya ba.

Ɗan Zawiya: Ba a tambaye ni Fas ta Maroko ba amma sai na faɗa. Na je zawiyar Shehu Tijani, mota ba ta shiga tsohon garin, lunguna ne da jakai da alfadarai, in ka ji an ce "balak" ka manne da bango, ni ban san ma'anarta ba sai da jaki ya ture ni da kayansa.

Matafiyi: Malam ai gara jaki da raƙumi, shi ko kuɗi bai karɓa ba.

Uwar Biyu: Kai kun sa ni dariya, na gode Allah ya saka. Na karanta wa maigida, ya ce shi raƙumi ma ba zai hau ba, Azhar ɗinsa kawai. Anti dan Allah a Istanbul ɗin wace unguwa kika kama otal, kuma sanyin nan da ake faɗa yara za su iya?