Hular "Hermann Meyer" ta sojojin saman Jamus: ta asali ce ko ta bogi?

Mai_Tara_Huluna:
Assalamu alaikum. Shekarata shida ina tara hulunan soja na Yaƙin Duniya na Biyu, amma wannan ta ɗaure min kai. Irin wadda sojojin Luftwaffe, wato rundunar saman Jamus, suka sa a ƙasashen zafi ce, launin rairayi, bakinta dogo, ga ƙyallen da ake ɓallawa da maɓalli ya rufe ƙeya saboda rana. Wanda ya sayar min ya rantse daga Libiya aka samo ta. Abin da ya hana ni sakewa shi ne dattin zufar da ke ciki. Ya kewaye ta daidai wa daida kamar an shafa da hannu, kuma in ka kai ta hanci sai ka ji ƙamshin shayi. Masana, a taimaka.

Dattijo41:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ai hancinka ya riga ya ba ka amsa. Masu tsufar da sabon kaya da ruwan shayi suke rina shi. Zufar gaske a goshi take taruwa, ba ta zagaye kai kamar an auna.

Sunan nan na "Hermann Meyer" ma ba'a ce. An ce Hermann Göring, shugaban Luftwaffe, ya cika baki cewa in jirgin abokan gaba ya iso yankin Ruhr na Jamus, a kira shi Meyer. Da bama-bamai suka fara sauka, sai sojojinsa suka laƙaba wa hular. Kuma kada kalmar Libiya ta ruɗe ka. Jamusawa sun sauka Tarabulus a Fabrairun 1941, suka miƙa wuya a Tunisiya a Mayun 1943, amma an ci gaba da sa irin hular nan a Sisili da Italiya. Duba alamar mikiyar da ke gaban hular: ta sojan sama tana cikin tashi ne, fikafikanta a lanƙwashe, ta sojan ƙasa kuwa a miƙe suke sambal.

Zare_da_Allura:
Ƙari kan bayanin Baba. Kashe wuta, ka haska ta da fitilar UV, irin wadda ake gane jabun kuɗi da ita. Farin zaren zamani yakan yi ƙyalli shuɗi. Sai dai sabulun wanki ma na sa tsohon yadi ƙyalli, don haka kar ka tsaya nan. Tsinko silin zare daga ciki ka kusanta shi da ashana. Auduga toka take zama, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Ni ban ƙi kwaikwayo ba, ina da biyu a kabad. In an ce maka kwaikwayo ce, ba a cuce ka ba. In za ka saka hotonta, ka rufe alamar Nazi, don a Jamus sashe na 86a na dokar manyan laifuka ya hana baje ta.

Mai_Tara_Huluna:
Na gwada yanzun nan. Zaren ya dunƙule, baƙi ƙirin, har ya manne min a yatsa. Na tura wa mutumin saƙo, ya karanta, shiru. Allah Ya saka muku da alheri.