Dan Allah wane kati ya dace da yaro ɗan shekara 13, na banki ko wanda ake loda wa kuɗi?

Maman Yasir: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yarona ya shiga shekara 13, ya fara fita shi kaɗai zuwa makaranta da lesin, kullum sai na ƙirga masa kuɗi a hannu, wata rana ya dawo ya ce sun faɗi wata rana kuma shi kansa bai san inda suka shiga ba. Babansa ya ce a yi masa kati kawai a huta, ni kuma gabana faɗuwa yake. Na ji akwai katin cire kuɗi mai haɗe da asusun banki, akwai kuma wanda sai ka loda masa kuɗi tukuna. Wanne ya fi? Kuma banki zai yarda ya ba yaro ƙarami haka? Baban nasa har cewa ya yi in miƙa masa katina na biyu tunda biyu gare ni a asusu ɗaya.

Anti Balki: Wa alaikumussalam. Maman Yasir komai za ki yi kar ki ba shi katinki, wannan ki cire shi a lissafi. Kati biyu ne amma rijiya ɗaya suke ɗiba, ranar da ya ɓata ko wani ya leƙa lambar sirrin to duk abin da ke asusun ne a fili. Kuma katin da sunanki yake, ke kika ba da lambar da hannunki, in kuɗi suka fita kika kai ƙorafi da wuya banki ya saurare ki.

Baban Ilham: Bari in ɗan bambance miki Hajiya. Katin banki kai tsaye yake ɗaukar kuɗi daga asusu. A yawancin ƙasashe wanda bai kai 18 ba ba ya buɗe asusu shi kaɗai, sai da uwa ko uba, za su nemi takardar haihuwarsa da katin shaidarki, kuma kowane banki da shekarun da yake fara ba yaro kati a hannunsa, wasu asusun yaran ma na ajiya ne zalla babu kati sam, to ki tambayi wannan tun kafin ki cika fom. Shi kuwa na lodi ba ya taɓa asusunki, abin da kika zuba shi ke nan, ya ƙare ya ƙare, na'ura za ta ƙi karɓa ne kawai. Dukansu in akwai tambarin Visa ko Mastercard suna aiki a shago da intanet. Katin bashi kuma ba ma maganarsa ake ba, ba na yara ba ne.

Maman Yasir: To Malam ai kenan na lodin ya fi, magana ta ƙare?

Baban Ilham: Kar ki yi sauri, inda yake cizo caji ne. Wani akwai kuɗin yin katin, kuɗin wata-wata, kuɗin lodi, kuɗin cirewa a ATM, wani har in an daɗe ba a taɓa shi ba sai a fara yanka. Ga yaron da kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba, sai ki ga cajin ya lashe rabon da ya fi na abin da ya saya ciwo. Ki ce su ba ki takardar cajin ki karanta da idonki. Sannan ki tabbatar katin mai rajista ne da suna, wanda in ya ɓata za a toshe a mayar da ragowar kuɗin kan sabo. Irin katin kyautar nan mara suna, ya faɗi kusan ya tafi kenan.

Ummu Hanan: Ni nawa biyu duk asusun matasa na buɗe musu a banki, kuma ban ga abin tsoro ba gsky. Asusun nasu daban nawa daban, duk sati nake tura musu, kenan aikin na lodin yake yi. Sharaɗi ɗaya na kafa wa ma'aikacin, a rufe duk wata hanya da asusun zai ci bashi in kuɗi sun ƙare. Abin da nake so shi ne alat, yarinyar tana biya wayata na ƙara, in ga suna da adadi da lokaci. A manhajar ina iya sa iyakar abin da za a kashe a rana, in kashe sayayyar intanet, in daskarar da katin nan take. Ranar da ta kira ni tana kuka wai kati ya ɓata, kafin ta gama bayani na daskarar da shi, da daddare aka gan shi cikin littafin lissafi, na sake buɗewa.

Yaya Sadik: A ƙasashen waje akwai kamfanonin da aikinsu kenan, GoHenry da ya fara a Ingila a 2012, Greenlight a Amurka, Revolut ma na da na 'yan shekara 6 zuwa 17. Biyun farko kuɗin wata ake biya. Ba ko'ina suke aiki ba, amma ki duba abin da suke ba iyaye sai ki san me za ki tambaya a inda kike.

Anti Balki: Duk kun tsaya kan kati, ni wayar ce damuwata wlh. Yaro ɗan 13 ba a shago yake cinye kuɗi ba, a gem ne. Yana sa lambobi 16 ɗin nan da ranar ƙarewa da lambobi 3 na baya sau ɗaya, wayar ta riƙe, daga nan dannawa ɗaya ce kuɗi sun fita, shi bai ma ji a jikinsa ba tunda bai ga an ƙirga komai ba. Ga masu cewa gwada kyauta kwana bakwai, ranar ta takwas su fara ɗiba duk wata shiru. In Android ce ki haɗa masa Family Link, iPhone ma na da tsarin iyali, ba zai sayi komai a shagon manhajoji ba sai kin amince.

Malam Tsoho: Ƙarin da zan yi, a zaunar da shi a gaya masa kar ya yarda wani, ko aboki ne ko wanda suka haɗu a intanet, ya ce ara min asusunka a turo min kuɗi ka cire in ba ka wani abu. Haka 'yan damfara ke wanke kuɗin sata ta hannun yara, in bincike ya zo sunan yaron za a gani da na wanda ya tsaya masa. Kuma banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko OTP, wato lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya, duk wanda ya nema ɓarawo ne ko da ya faɗi sunanka daidai. Lambar sirrin ma kar ta zama shekarar haihuwarsa.

Maman Yasir: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara tambayar asusun matasan, in cajin na lodin ya fi sauƙi in koma can. Saura ɗaya, lambar waya ta wa zan sa, tawa ko tasa? Kar yana tsaye gaban mai shago a ce sai an kira ni.

Ummu Hanan: Taki za ki sa yanzu. A shago lambar sirrinsa kawai zai danna ko ya ɗora katin, ba ruwansa da ke, OTP galibi a sayayyar intanet yake zuwa, can ɗin kuwa gara ya biyo ta hannunki. In manhajar na ba shi damar ganin ragowar kuɗinsa a wayarsa ki bar masa wannan, ya riƙa dubawa kafin ya shiga layi.