Neman kalmar Hausa: me za mu kira littafin yara da zane ke ɗauke da rabin labarinsa?

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Mu wasu malaman nazare da firamare ne a Birnin Kebbi, muna shirya ƙananan littattafai na ban dariya don yara 'yan shekara 3 zuwa 7, tsofaffin tatsuniyoyin dabbobi a sabon zubi. Aiki ya yi nisa, sai ga shi mun cije a bangon littafi. Turawa suna kiran irin wannan littafi "picture book". Mu me za mu rubuta?

Kafin a fara kawo suna, bari in fayyace abin da nake nufi, don ba kowane littafi mai hoto ba ne. Littafin lissafi na aji biyu yana da hoton mangwaro biyar, amma ko an goge hoton, lissafin yana nan daram. Wannan kuwa, da zarar an cire zanen, labarin ya gurgunce.

Ga misali. Akwai tatsuniyar Turawa ta jar kaza da ta tsinci alkama, ta nemi mai taya ta shuka da girbi da niƙa, kowa ya zille, sai da ƙamshin burodi ya tashi suka taru. Mu mun kai ta fadamar Argungu, alkama ta koma shinkafa, burodi ya koma tuwo da miyar taushe. A wani shafi, rubutun duka bai wuce wannan ba: "Wa zai taya ni dashe?" Agwagwa ta ce, "Ba ni ba, mura nake yi, ko ruwa ba na taɓawa." A zanen kuwa, ga agwagwa can tsakiyar kududdufi, ruwa har wuya, kwaɗo na zaune a bayanta. Babu inda aka rubuta cewa ƙarya take yi. Yaron ne zai gano da kansa, ya danna yatsa a kan shafin yana cewa, "Malama, ai ga ta cikin ruwa!" A nan dariyar take, tsakanin abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani.

Irin wannan littafi galibi shafi 32 ne, saboda babbar takardar ɗab'i ninke ta ake yi ta ba da shafi 8 ko 16, kuma da wuya kalmominsa su kai 1000. Babba ne ke karantawa a fili, yaro yana bin zane. A Amurka tun 1938 ake ba da lambar yabo ta Caldecott duk shekara saboda irin wannan littafi, kuma mai zanen ake ba, ba marubucin ba. Sunan da muke nema dole ya ba zane wannan matsayi.

Wani malami daga Jega: Malama, wannan ai ba abin dogon nazari ba ne. Littafin hoto. Kowa zai gane.

Na gode, Malam, da shi muka fara. Amma in ka shiga kasuwa ka ce a ba ka littafin hoto, albam za a miƙo maka na ajiye hotunan biki. Kuma hoto a kunnen yaran yanzu abin da waya ke ɗauka ne. "Littafi mai hotuna" ya fi shi, sai dai ya haɗiye har littafin lissafin nan da na ambata.

Wani ɗalibi daga Yawuri: Anti, to a ce littafin zane mana, ko littafin katun.

Wata uwa daga Gusau: A'a ƙanena, littafin zane ai shi ne farar takardar da muke saya musu duk farkon zango su zana kifi da tukunya. Kuma ni ɗana in ya ji an ce zane, bulala yake tunawa. Malama, ni dai na fi son littafin kallo.

Katun ya riga ya zama na talabijin da waya, shi ba sai mun ja ba. Littafin kallo kuwa, Yaya, ya daɗe yana yi mini daɗi, domin gajere ne, kuma da gaske yaron da bai iya karatu ba kallon littafin yake yi. Abu biyu suka hana ni. Akwai iyayen da in sun ji "kallo", gidan kallo da fim ne ke faɗo musu a rai, ba za su ɗauke shi abin karatu ba. Sannan ya bar kunne a waje, alhali in babu muryar mai karantawa tana cewa "ba ni ba", agwagwar da ke cikin ruwa ba ta da abin dariya.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa, daga Talata Mafara: Ɗiyata, ku bar bin kalmar Turawa kuna hwassara ta guntu-guntu. Ku dubi yadda munka saba raba namu. Gatana da baki akan yi ta, da dare bayan an ci tuwo, tsohuwa ta ce gatanan gatananku, ɗiya su amsa ta zo mu ji ta. Daga baya anka rubuta ta. Muna da adabin baka da rubutaccen adabi, muna da waƙar baka da rubutacciyar waƙa. To wanga naku zana shi anka yi. Mi zai hana a ce zanannen labari?

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ya zauna mini, kuma bari in faɗi dalili don masu bibiya su auna da kansu.

Duk sunayen da muka kawo a baya littafin suke siffantawa, ba labarin ba. Suna cewa ga littafi, a cikinsa akwai hoto. Na Baba kuwa cewa yake yi labarin ne kansa aka zana. Ginin kalmar ma ya nuna haka: dafaffen ƙwai ba ƙwan da aka ajiye kusa da wuta ba ne, dahuwa ta ratsa shi ne gaba ɗaya. Kuma ba baƙon gini ba ne da za a tsaya koya wa mutane. Duk wanda ya san "rubutacce" zai gane "zananne" da ji ɗaya. Yana karɓar jinsi da jam'i ba tare da tilas ba: zanannen labari, zananniyar tatsuniya, zanannun labarai.

Ya kuma dace da tafiyar da tatsuniyarmu ta yi. Ta fara a baka. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa a littattafai 3, da yawansu daga takardun ajami da Razdan Burdon ya tara a Sakkwato. Wannan rubutacciya ke nan. Abin da muke yi yanzu shi ne mataki na gaba, kuma sunan ya jeru da 'yan uwansa biyu.

Na gwada shi a kan labarinmu na biyu, na ɗan tsakon da wani abu ya faɗo masa a ka, ya ruga yana shelar sama ta faɗo, zabuwa da talotalo suka bi shi zuwa fadar sarki. Rubutun bai taɓa faɗin abin da ya buge shi ba. A shafin farko kawai aka zana 'yar kanya tana gangarawa a ƙasa, akuya na ƙoƙarin lashe ta. Wannan ɓangaren labarin ba rubutacce ba ne, zananne ne. Kalmar ta yi aikin da muke so har a cikin bayani.

Malamin Jega: Malama, ban ƙi ba, amma yana da nauyi a bakin ɗan shekara 4. Kuma labaran nan masu akwati-akwati da magana na fitowa daga bakin mutum, su ma ai zanannu ne.

Gaskiyarka, Malam. Sai dai yaro ko me muka rubuta, "littafin kaza" zai ce. Sunan na bangon littafi ne, da mai shagon littattafai, da takardar sayen kayan makaranta, da kwalejojin horon malamai irin na Argungu da Maru. Masu akwati-akwatin kuwa, ban ga laifi ba in sun shigo ƙarƙashinsa. In ana son bambancewa sai a ce zanannen labari na ƙananan yara.

Uwar Gusau: To maganar bulala fa, Baba?

Dattijon Mafara: Ɗiyata, waccan zane ce, wagga zana. In kalma ta raɓi labari, hankali ba ya zuwa ga bulala.

Wani ya tambaya a gefe yadda za mu kira rukunin tatsuniyoyin, tunda Turawa da gona suke danganta su. Wannan ba ya buƙatar ƙirƙira. Dabbobinmu a turke da akurki suke kwana, cikin gida, don haka tatsuniyoyin dabbobin gida ne. Tatsuniyar Turawa ta 'yan aladu uku ma mun mayar da ita awaki uku da kura, da ɗakin kara, da na zana, da na laka.

To, mun tsaya a kan zanannen labari a matsayin sunan nau'in littafin. A ƙarƙashin sunan kowane ɗaya za mu rubuta "zananniyar tatsuniya ta ban dariya". Roƙona ga malamai na Zuru da Anka da Ƙauran Namoda da sauran wurare: ku faɗa wa iyayen yara kalmar ba tare da bayani ba, ku ji abin da suka fahimta. In an sami inda take nufin wani abu daban, a sanar da mu a nan kafin mu kai aikin maɗaba'a.