Na'urar hangen taurari ta farko: wacce zan saya, kuma yaya zan yi da ƙura?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son sayen na'urar hangen nesa don kallon wata da taurari. Na ga wata siririya, faɗin gilashinta milimita 60, an rubuta a kwalinta wai tana girmama abu sau 525. Akwai kuma wata kamar ganga, mai milimita 150, ta fi tsada nesa ba kusa ba. Wacce ta fi? A Kano nake, ƙura ce damuwata ta biyu.

Baba Mai Madubi:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, rabu da lambar kwalin nan, ta jan ciniki ce. Faɗi ake dubawa, don shi ke tara haske. Ka ninka faɗin sau biyu, iyakar girmamawa mai amfani ke nan: milimita 60 ba ta wuce sau 120, bayan nan sai dishi-dishi. Mai 150 kuwa hasken da take tarawa ya ninka na waccan fiye da sau shida.

Gangar nan ita ake kira Dobsonian. Madubi ne a gindinta, tana zaune a kan akwatin katako, da hannu ake juya ta. Yawancinsu, irin na Sky-Watcher, tsawon tattara haskensu milimita 1200 ne, kuma suna zuwa da gilashin ido biyu, wato inda ake sa ido a leƙa: mai milimita 25 da mai 10. Raba 1200 da lambar gilashin: mai 25 ya ba ka sau 48, mai 10 sau 120. Da na farko za ka ga ramukan wata, da watanni huɗun duniyar Mushtari da masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Da na biyu zoben duniyar Zuhal zai fito tas, ɗan mitsitsi dai, ba kamar hotunan NASA ba.

Ka guji masu siraran ƙafafu uku. Da ka taɓa su hoto ya yi ta rawa.

Yaya Zara:
Baba ya gama magana kan saye. Saura saiti, don nan sababbi ke karaya. Da rana ka auna wani abu mai nisa, kamar kan hasumiyar masallaci, ka sa shi tsakiyar gilashin milimita 25, sannan ka murɗa kusoshin ƙaramin madubin nema na gefe har shi ma ya nuna wurin. Idan ba ka yi haka ba, wata ma sai ya gagare ka samu. Hoton zai zo a kife, ba lalacewa ba ce. Kuma ko da wasa kada bakinta ya kalli rana, ko yaro ya juya ta can: makanta ce nan take.

Da dare ka fitar da ita minti 30 kafin kallo, madubin ya huce. Kada ka kafa ta a kan siminti ko kusa da kwanon rufi da ya sha rana, zafin da ke tashi yana sa hoto rawa. A sau 120 tauraro kan fice daga gani cikin ƙasa da minti biyu saboda juyawar duniya, sai kana ɗan turawa.

Baba Mai Madubi:
Batun ƙura: kada ka goge madubin, ko da hankici ne. Fentin alminiyon a samansa yake, ƙurar hunturu kuma yashi ce, shafa ɗaya ta bar zane har abada. 'Yar ƙura ba ta rage gani yadda ake zato. Rufe baki da gindin gangar, hular wanka ta roba ma ta isa. In ya yi dauɗa sosai, bayan shekara ɗaya ko biyu, ciro shi, zuba masa ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ɗauraye da tataccen ruwan kemis, jingine shi ya bushe da kansa. Wajen mayarwa kada ka matse maƙalansa, matsi na lanƙwasa hoto.

Da damina kuma danshi ne abokin gaba, yana sa gilashi fumfuna. In raɓa ta sauka, bar ta a buɗe a ɗaki ta bushe kafin ka rufe.

Malam Lissafi:
Ƙari ɗaya: bayan jijjigar mota madubai kan goce. Auna tauraro mai haske, ka ɗan murɗa abin gyara gani har tauraron ya baje ya zama zoben haske mai baƙin ɗigo. Idan baƙin ɗigon yana tsakiyar zoben haske, lafiya lau. Idan ya karkace, daidaita da kusoshi uku na gindi, kwatan murɗi kowane lokaci. Daren da hazo ya rufe gari kuwa, wata kaɗai za ka mora.