Neman kalma: "inganta" yuraniyom ake yi, ko "kaurara" shi?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu Hausa a kan wata kalma da ta hana ni sakat tun ranar Juma'a.

Bayan la'asar muna zaune a majalisarmu a Nima, unguwarmu a Accra ta Gana, ina karanta wa dattawa labarin Iran daga waya. Na zo wurin da aka ce ƙasashen Yamma na so ta daina "inganta yuraniyom", sai kawuna ya ɗaga hannu: "Tsaya, yaro. Mutum yana inganta kayansa a ce ya daina? Wannan ai hassada ce." Kuma a Hausar da ya ji, da gaskiyarsa. Ingantaccen iri, ingantaccen magani, ingantaccen hadisi: duk abin da aka inganta alheri ne. Kalmar ta yanke hukunci tun kafin a gama labarin.

Ga abin da Turawa ke nufi da enrichment, kalmar da aka fassara da "inganta". Yuraniyom ɗin da ake haƙowa, irin na Arlit a Nijar, iri biyu ne a cakuɗe: mai lamba 238, da mai lamba 235 wanda ya ɗan fi shi rashin nauyi. Na biyun shi ne mai kamawa ya ba da makamashi, amma kashi 0.7 cikin 100 ne kacal. Sai a mayar da shi iska, a sa a injinan da ke juyi kamar katantanwa, mai nauyi ya koma jikin bango, a kwashi na tsakiya, a yi ta maimaitawa har kason 235 ya ƙaru. Kashi 3 zuwa 5 ya isa wutar lantarki. Daga kashi 20 duniya take sa ido. Wajen kashi 90 kuwa na bam ne. Yarjejeniyar nukiliyar da Iran ta ƙulla da manyan ƙasashen duniya a 2015 ta tsayar da ita a kashi 3.67, bayan Amurka ta fice a 2018, Iran ta kai kashi 60 a 2021. Rigimar duka a kan wannan kason take, don haka muna bukatar kalmar da za ta nuna hawa-hawa.

Shawarata: kaurara.

A wurin mai kokon layinmu na samo ta. Ta niƙa gero, ta tace ta fitar da dusa, ta bar gasara ta kwanta, sannan ta tsiyaye ruwan sama. Ba ta ƙara komai a robar ba, ruwa kawai ta rage, gasara ta yi kauri. To 238 shi ne ruwan, 235 shi ne gasarar.

Na ga amsoshinku, na gode. Bari in bi su.

Wani malami daga Aboabo a Kumasi ya ce "tace" ta wadatar, tunda kunne ya saba da ita a rediyo. Allah ya gafarta malam, tacewa fitar da datti ce, kuma akwai aikin da ya cancanci sunan: wanda ake yi a Arlit, a raba yuraniyom da dutse da ƙasa a sami garin nan da ake fitarwa waje. Wannan garin har yanzu 0.7 yake. Idan muka kira ayyukan biyu tacewa, mai sauraro zai ɗauka Nijar tana yin abin da ake tuhumar Iran da shi, alhali ba haka ba ne.

Wata hajiya daga Mamobi ta kawo "sheƙa", kuma wallahi ta burge ni, don a sheƙa ne ake raba mai nauyi da mara nauyi, daidai da aikin injin. Hajiya, inda ta tsaya mini shi ne ba a cewa "an sheƙe shi kashi 60". Ta bayyana yadda ake aikin, amma ba ta faɗi inda aka kai ba.

Wani ɗan'uwa mai karatun kimiyya a jami'ar Legon ya ce yuraniyom ba ya yin kauri a ido, na kashi 4 da na kashi 90 kamanninsu ɗaya. Haka ne. Amma muna cewa "zumunci ya yi kauri", ba wanda ya sa ludayi ya gwada. Hausa ta daɗe da fitar da kauri daga tukunya.

Abin da ya ƙara zaunar da ni a kanta shi ne tana da kishiya a shirye. Idan ana so a lalata yuraniyom na bam, gauraya shi ake yi da mara ƙarfi har kason ya sauka: an tsinka shi ke nan, yadda koko ke tsinkewa. Da "inganta" me za mu ce, an "ɓata" shi?

Kada a ɗauka maganar ta nesa ce. Nan Kwabenya, a harabar hukumar makamashin nukiliya ta Gana, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da aka samo daga Sin, ta fara aiki a 1994. Man da ta zo da shi kaurinsa wajen kashi 90 ne. A 2017, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya da Amurka da Sin, aka sauya mata mai kaurin kashi 13, aka mayar da tsohon Sin. Irinta da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya aka yi wa haka a 2018. Ƙasar da shugabanta na farko, Kwame Nkrumah, ya tara mutanen duniya a cikinta a 1962 don neman duniyar da ba bam, bayan Faransa ta yi gwajin bam ɗinta a hamadar Aljeriya a 1960, ya kamata a ce 'yan zangonta sun san wannan labari da bakinsu.

Masu rubutu a kula: kauri ne, ba ƙauri mai lanƙwasa ba.

Jiya na koma majalisa na ce wa kawu: "Iran ta kaurara yuraniyom zuwa kashi 60, na lantarki kashi 5 ya isa, na bam 90 ne." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce: "To, me za ta yi da mai kaurin haka?"