Ta ina zan fara rubuta manhajar aika saƙo tsakanin sistem?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum ƴan uwa. An ba ni aiki a ofis, wai manhajar karɓar oda ta riƙa tura wa ta sito da ta lissafin kuɗi saƙo, ni kuma Java na iya sai ɗan Python, na leƙa intanet na ga JMS da RabbitMQ da Kafka da IBM MQ kaina ya kulle wallahi. Ta ina zan kama?

Yaya Babba: Wa'alaikumus salam ƙanina. JMS dai ba abin saukewa ba ce, ƙa'ida ce ta Java, yanzu ma Jakarta Messaging ake ce mata, sai ka haɗa ta da dillalin da ke jin yarenta kamar ActiveMQ Artemis. Dillali shi ke tsakiya, ya karɓi saƙo ya riƙe har mai ɗauka ya zo. Ka fara rarrabe layi da shela, a layi mutum ɗaya ke ɗaukar saƙo, a shela kowa da ya yi rajista zai samu nasa kwafin.

Uwar Ɗaki: Ni RabbitMQ zan ce maka, shi ma dillali ne. Ka tayar da shi a Docker, wato manhajar da ke kunna wasu manhajoji cikin akwatinsu a kwamfutarka, ka zaɓi RabbitMQ ɗin da ke da shafin kulawa, manhajarka ta shiga ta ƙofa (port) mai lamba 5672 kai kuma ka buɗe shafin kulawar ta ƙofa 15672 a burauza. Ka tura saƙo 100 ba tare da ka kunna mai karɓa ba, za ka ga adadin na hawa a idonka, sai ka kunna shi ka ga layin ya zube. A ranar abin ya zauna min.

Mai Gemu: Kafka kuma ka bar shi tukuna. LinkedIn suka gina shi, aka sake shi ga kowa a 2011, shi ba ya goge saƙo don an karanta, ajiye shi yake kamar rijista. Yana da amfani sosai amma aikinka bai kai nan ba.

Uwar Ɗaki: Wani abu Auta, don Allah kar ka bar shaidar karɓa, wato amsar da mai karɓa ke ba dillali cewa saƙo ya iso a goge shi, a otomatik. Mun taɓa yin haka a wajen aiki, sabarmu ta mutu tana tsakar aiki, dillali ya riga ya ɗauka an gama ya goge, odoji suka ɓace, kwana biyu muna bin su ɗaya ɗaya. Sai ka gama rubutawa a databes sannan ka ba da shaida. Kuma idan ka yi haka saƙo zai iya zuwa sau biyu, to kowane saƙo ka ba shi lambarsa, ka duba ko ka taɓa ganinta kafin ka cire wa mutum kuɗi.

Ɗan Auta: Na gode Anti, Allah ya saka. To saƙon da ya lalace fa, kullum na ɗauka sai ya faɗi?

Yaya Babba: Ka sa iyakar sake gwadawa, misali sau 5, in ya wuce a kai shi layin matattun saƙonni. Kuma ka sa a riƙa sanar da kai in wani abu ya faɗa can, ka buɗe ka ga me ya kashe shi.